Faranti na uku

Da murna na tashi yau. Kwana 12 ke nan da na shuka alkama a faranti uku, kowane da irin ruwan da nake ba shi. Farantin ruwan sama ya yi kore shar, tsiron ya wuce tsawon yatsana. Na ruwan famfo yana biye da shi, wanda nake barin ruwansa ya kwana a buɗe don kilorin ya fice. Da na juya kan na uku sai gabana ya faɗi. Iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya, bakin taga ɗaya, amma kusan rabi ba su fito ba, waɗanda suka fito kuma sun tsaya cak, bakin ganyensu ya ƙone.

Abin da ya fi ci mini rai, a kansa na fi shan wahala. Ruwan rijiya ne, na tace shi da ƙyalle, na jefa alif har dattin ya kwanta, sannan na tafasa. Garau yake, ba ko ɗigon laka.

Yaya ya leƙo da rana. Ya kankaro farin ɓawon da ya taru a saman ƙasar, ya ɗora a harshe, ya ce, "Zartsi ne." Na ce, "Haba Yaya, ai na tafasa shi." Ya ce, "Ke, tafasa ƙwayoyin cuta take kashewa. Gishiri ina zai je? Tururi ya tashi ya bar shi a tukunya, ƙara masa ƙarfi ma kika yi." Alif ɗin ma, in ji shi, laka kawai yake kwantarwa.

Ya tuge tsiro ɗaya daga kowane faranti ya jera mini a tafin hannu. Saiwar na ruwan sama fara tas, doguwa, cike da gashi. Ta na uku guntuwa, ta yi duhu. Idan gishiri ya yi yawa a ƙasa, saiwa ba ta iya zuƙo ruwa ko da ƙasar a jiƙe take sharkaf, sodiyam ɗin da ke cikin gishirin kuma ya riƙa shiga gurbin fotasiyam da shukar ke buƙata. Ƙishirwa ce a tsakiyar ruwa, ni kuma kullum ina ƙara musu.

Ya ce a ma'aunin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan ban ruwa da gishirinsa bai kai 0.7 dS/m ba (awon yawan gishiri a ruwa ke nan) babu damuwa, wanda ya haura 3 kuwa matsala ce babba. Alkama tana da juriyar gishiri in ta girma, amma a lokacin tsiro ba ta da wannan ƙarfin. Gobe zai kawo mitarsa ta awon gishiri mu auna rijiyar.

 

Da magariba na kwarara ruwan sama a faranti na uku har ya fita ta ƙasa, ko zai wanke gishirin. Abin da ya rage a bokitin bai fi kofi biyu ba, kuma babu alamar hadari.