Ƙaiƙayin da ya fi ɗinkin ciwo

Sati uku da yanke mini wani ɓangare na hanta saboda ciwon daji, ina gida Katsina ina jinya, sai ƙaiƙayi ya taso. Wurin ɗinkin lafiya lau. Tafin hannu da tafin ƙafa ne, kuma sai an sallame isha'i yake zuwa da ƙarfinsa. Na sosa da farce, na sosa da murfin biro, har na kai ga fita tsakar dare ina goga ƙafa a bakin dakali. Babu ƙurji ko ɗaya, sai shatin farcena.

Da yake hunturu ne, kowa ya yi furu-furu, sai na ɗora wa iska laifi. Na shafa man kaɗanya, na sha Piriton. Barci kawai ya sa ni, na farka ina susa. Ruwan zafin da nake wanka da shi kuwa, ashe ƙara rura wutar yake yi.

Maiɗakina ce ta gano. Ta kawo mini koko da safe, ta tsaya tana kallona. "Malam, ɗago ka dubi haske. Idonka ya yi ɗorawa." Nan na faɗa mata abin da kunya ta sa na ɓoye: fitsarina ya kwana biyu kamar ruwan shayi, bayan gida kuma ya yi fari-fari.

Kafin azahar Gwaggo ta aiko da jiƙon sassaƙe, wai shawara ce. Allah ya sa na fara kiran likita. Ya ce, "Don Allah Malam kada ka kai shi baki, hantar da ta rage ba ta gama farfaɗowa ba. Gobe ka zo."

Gwajin jini ya nuna sinadarin bilirubin, wanda ke sa ido ya yi ɗorawa, ya hau, hoto kuma ya nuna hanyar ruwan madaci ta tsuke kusa da inda aka yanka. Maimakon ya gangara hanji, sai yake komawa cikin jini, shi ne fatar take amsawa. Ta baki aka zura wani siririn bututu aka buɗe hanyar. Aka haɗa ni da garin maganin ƙaiƙayin, wato cholestyramine, mai kama da yashi a harshe, da sharaɗin in bar awa 4 tsakaninsa da sauran magunguna, don yana hana su shiga jiki.

Na yanke farce ƙwal, na koma ruwa mai ɗumi-ɗumi da rigar auduga. Cikin kwana goma na yi barcin da sai kiran assalatu ya tashe ni.

Gwaggo har yau tana cewa jiƙonta ne ya yi aiki. Ba ta san a gindin bedi muka tuttular da shi ba.