Godiya bayan sadakar arba'in ɗin ɗanmu sojan ruwa

Assalamu alaikum, jama'ar Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi. Jiya muka yi sadakar arba'in ta ɗan yayata, sojan ruwan Najeriya, wanda 'yan bindiga suka yi wa jirginsu na sintiri kwanton ɓauna a lungunan ruwan Neja Delta. Da safen nan aka kwashe rumfuna da kujeru. Yaya ta kira ni ɗaki ta ce, "Ni baki ya mutu mini, kai ka gode wa mutane." Da yawunta nake wannan rubutu.

Da dama cikin masu zuwa gaisuwa sun tambaye ni yadda aka yi yaron Aboabo ya zama sojan Najeriya. Gidanmu ya rabu biyu ne a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takarda. Wan babanmu ya kwashe iyalinsa ya koma Kano, babanmu ya tsaya nan da cinikin goronsa. Daga baya aka ɗinke zumunci da aure, aka kai Yaya Kano. A can aka haife shi, amma wajen kakarsa aka kawo shi yaye, kuma nan ya yi allo. Ni na fara kai shi tafkin Bosomtwe yana ɗan shekara 7. Ya riƙe gefen rigata ƙam, ya ƙi taɓa ruwan. Shi ya sa ranar da ya bugo waya daga makarantar horon sojan ruwa da ke Onne, a jihar Ribas, yana cewa, "Kawu, yau na yi iyo da kaki a jikina," sai da na yi hawaye.

Bai cika ba mu labarin aiki ba, don kada hankalin uwarsa ya tashi, tunda ta dawo nan bayan rasuwar mijinta. Ni kaɗai yake gaya wa yadda wurin yake: ruwa tsukakke, itatuwa sun rufe hagu da dama, ɓarayin ɗanyen mai suna ganinka, kai ba ka ganinsu.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ba mu ga gawarsa ba. A can aka yi masa sutura. Uwar da ba ta ga an ɗauki makara daga ƙofarta ba, zuciyarta ba ta saurin yarda. Kwana uku Yaya tana riƙe da waya tana jiran kiransa. Ku ne kuka cika gidan nan har ta sallama wa hukuncin Allah, kuma wannan ba abu ba ne da za mu iya biya.

Godiyata ta farko ga abokin aikinsa, Kirista ne, wanda suke jirgi ɗaya a daren. Da rauni a hannunsa ya tsaya sai da aka nemo liman da Musulmin barikin, aka yi masa wanka da salla yadda addini ya tanada. Bayan mako guda ya bugo, ba ya jin Hausa, Yaya ba ta jin Turanci, ni ke tafinta. Da ya ce, "Mama," sai kuka ya sarƙe shi. Tun daga ranar take sa shi a addu'a bayan kowace salla.

Malam liman na unguwarmu, Allah ya saka da alheri. Da muka so a yi salatul ga'ib, ya zaunar da mu ya ce tunda an sallace shi a can, abin da yake buƙata daga gare mu addu'a ce da sadaka. Shi ya jagoranci ta uku da ta bakwai da ta jiya, almajiransa suka sauke Alƙur'ani.

Matan gidan nan da na maƙwabta sun kwana a bakin murhu suna tuyar masa da ƙosai, wasu na damun koko. Samarin layinmu suka ɗauko rumfuna, suka ƙi karɓar ko sidi ɗaya. Maƙwabtanmu Asante suka zo cikin baƙaƙen zannuwa da gudummawarsu ta nsawa, wato kuɗin ta'aziyya, kamar yadda suke yi wa nasu. Abokan kasuwar Yaya na Kejetia suka rufe rumfunansu yini guda. 'Yan'uwa na Nima da Tamale suka turo gudummawa ta momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya. Ƙaninmu kuma ya bi mota ta Aflao da Lome da Kwatano da Seme, ya je ya tsaya a kan kabarin a madadinmu duka.

Allah ya jiƙansa, ya karɓi shahadarsa, ya tsare waɗanda ke kan ruwa har yanzu. Matarsa tana takaba a Kano da 'yarsu mai wata 9, ku sa su a addu'a. Duk wanda yake binsa bashi, ko na wata 'yar magana ce, don Allah ya same ni a masallacin layinmu bayan Magariba.