Abin da aikin Bikini ya koya min

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na fiziks ya ba mu aiki, ya ce mu ɗauki tsibirin Bikini na Tsibiran Marshall a tekun Pasifik, inda Amurka ta taɓa gwajin bama-baman nukiliya, mu lissafa ko mutane za su iya komawa su zauna. Ni da na ji haka na ce ai wannan mai sauƙi ne, a ɗauki mitar auna tururi a zagaya tsibirin a ga yawan tururin nukiliya da ke tasowa daga ƙasa, in bai kai haddi ba shi ke nan. Na yi lissafina tsaf na kai masa, ya duba ya ɗago kai ya ce, "To in sun koma me za su ci?" Wallahi shiru na yi, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Ashe irin wannan kuskuren an yi shi a kan mutane na gaske. A 1946 Amurka ta kwashe mutum 167 daga Bikini, ta yi gwajin bam na nukiliya 23 a wurin har zuwa 1958, ciki har da Castle Bravo na 1 ga Maris 1954 wanda tokarsa ta zubo wa mutanen tsibirin Rongelap. A 1968 Shugaban Amurka Johnson ya sanar cewa Bikini ta yi lafiya, wasu iyalai suka koma gida, suka ci gaba da shan ruwan kwakwa da cin abin da ƙasar kakanninsu ta ba su, sai ga shi a 1978 da aka auna jikinsu an tarar siziyom-137, wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya da gwajin bam ɗin ya bari, ya hauhawa a cikinsu, aka sake kwashe su.

Dalilin shi ya fi tsaya min a rai. Ƙasar tsibirin ta murjani ce, potasiyom ya yi mata ƙaranci, shi kuma siziyom a wurin tsiro kamar ɗan'uwan potasiyom ne, saboda haka bishiyar kwakwa in ta nemi abincinta ta rasa sai ta zuƙe siziyom ɗin ta tura shi cikin 'ya'yanta, yaro ya fasa ya sha, mitar da ke rataye a wuyanka kuma ba za ta gaya maka wannan ba. Kuma siziyom ɗin sai ya shekara kusan 30 kafin rabinsa ya ƙare. Shi ya sa masu binciken cibiyar Lawrence Livermore ta Amurka suka gwada zuba takin potasiyom a gindin bishiyoyin, siziyom ɗin da ke shiga kwakwar ya ragu sosai.

Ranar da muka sa samfuri a na'urar ɗakin gwaji na ga layin siziyom ya miƙe a kan 662, wato lambar ƙarfin tururin da yake fitarwa, a allon kwamfuta, jikina ya yi sanyi, don a da lamba ce kawai da nake haddacewa saboda jarrabawa.

Na sake aikin daga farko. Wannan karon da tambayoyi na fara, kwakwa nawa mutum ke sha a rana, ruwan rijiya suke sha ko na sama, jirgin da ke kawo shinkafa da abincin gwangwani in ya makara me ake dafawa, yara a ina suke wasa. Sati biyu ya ɗauke ni, kuma amsar da na samu ta sha bamban da ta farko. Har yau yawancin mutanen Bikini suna tsibiran Kili da Majuro da kuma Amurka, ba su koma ba.