Ranar da Kawu Ya Leƙa Ƙarƙashin Ruwa a Wikki

Sati biyu da dawowata daga Jidda, Kawu ya ce in shirya mu je Yankari. Na san ba giwaye ne suka kira shi ba. Tun ranar da Inna ta ga hotona da tukunyar iska a baya, ina ƙarƙashin Bahar Maliya, hankalinta bai kwanta ba, shi kuma yana so ya ji zancen daga bakina inda ba za ta ji ba.

Bayan sallar asuba muka bar Bauchi, muka ɗauki hanyar Gombe cikin hazo. A Dindima muka karkata kudu. Sai da muka wuce ƙofar Mainamaji, daji ya rufe mu hagu da dama, sannan Kawu ya buɗe baki.

"Ɗan nan, waccan tukunyar, iskar asibiti ce kuke ɗurawa a ciki?"

Na ce a'a Kawu, iskar da muke shaƙa yanzu ce, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kusan duk sauran nitirojin, an dai tace ta an matse. Zallar oksijin ma guba ce ga mai nutso idan ya yi zurfi.

"To idan ta ƙare fa?"

Wannan tambaya kowa yana yi min ita. Na ce tukunyar tana da agogonta kamar na man mota. Da 200 ake shiga, kafin allura ta sauka 50 an kama hanyar sama. Kuma ba a nutso mutum ɗaya. Kowa yana rataye da bakin shaƙa na biyu, saboda abokin tafiyarsa. Ya yi tambaya a kan kifin shak, na ce na gan shi sau biyu, duk biyun shi ya kauce. Mutanen da yake kashewa a duniya gaba ɗaya ba su cika wuce 10 a shekara ba. Kawu ya yi shiru har muka ci sauran kilomita 40 ɗin zuwa sansani, inda birai suka tare mu suna leƙen abin da ke hannunmu.

Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, a ƙasan tudu take, ana sauka ta matakala. Ruwan yana ɓulɓulowa daga gindin dutse, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, ya gangara zuwa kogin Gaji. Garau yake, har farin yashin ƙasa kana gani. Babu mai shiga nan da tukunya, zurfin bai kai mita 2 ba. Gilashin fuska da bututun numfashi kawai na zo da su.

Kawu ya zauna a bakin ruwa, ya naɗe wando, ya tsoma ƙafa. A nan ya gaya min abin da ban taɓa ji ba. Suna yara, abokinsa ya yi kurme a Gongola lokacin ambaliya, bai fito ba sai bayan kwana biyu. Mutanen gari suka ce 'yan ruwa ne suka riƙe shi. Tun ranar Kawu bai ƙara barin ruwa ya wuce gwiwarsa ba. Na yi wa yaron addu'a. Tsoron ruwa a wurinmu ba wauta ba ce, kusan kowane gida yana da wanda kogi ko kududdufi ya ci. Abin da ke damuna shi ne muna tsoron abin da ba ya kisa, wanda ke kisan kuma ba a koya mana shi.

Na ɗauki robar ruwa da ba komai a ciki, na ɗaure murfinta tam, na yi kurme da ita zuwa ƙasa. Ta lotsa a hannuna. Da na taso ta koma daidai, har da ɗan ƙara. Na miƙa masa. Na ce Kawu, haka ruwa yake danne iska. A zurfin mita 10 nauyin da ke kan mutum ya ninka na waje, shi ya sa kunne ke ciwo, maganinsa kuwa ka toshe hanci ka hura a hankali tun kafin ciwon ya zo. Amma ku juya lissafin. Wanda ya cika huhunsa daga tukunya a mita 10, ya tsorata, ya riƙe numfashi ya yi sama da gudu, iskar nan za ta ninka a ƙirjinsa, huhu ya yage. Shi ya sa darasin farko shi ne kada ka taɓa riƙe numfashi. Na biyu, ka hau sannu, ka tsaya minti 3 a mita 5, don nitirojin da ya shiga jini ya fita ba tare da ya yi kumfa ba. Sabon shiga ma ba a barinsa ya wuce mita 18.

Ya daɗe yana jujjuya robar. Can ya ce, "Ba ni gilashin nan."

Na gyara masa igiyar, na riƙe hannunsa muka shiga har ƙugu. Hannun yana rawa. Karon farko ya ɗago da sauri yana tari. Na ce ku bar hanci, da baki za ku ja, a hankali. Ya sake sunkuyawa. Ina jin numfashinsa a bututun, da gaggawa da farko, sannan ya lafa. Na ƙirga har 40 kafin ya ɗago, ruwa na zuba daga furfurar gemunsa.

"Ikon Allah. Ashe akwai ƙananan kifaye a kusa da ƙafata. Yashin ma motsi yake."

Ya koma sau uku. A hanyar dawowa, daidai Dindima, ya ce in bar masa gilashin ya kwana a wurinsa, gobe da kansa zai kai wa Inna ta gani.