Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Garin da Ruwa Ya Ci

Makon jiya na tsaya a inda aka dawo da ni koyarwa gida Yelwa. A shekarar ce na ɗauki aikin da har yau ban sauke ba.

Yawancin 'yan ajina jikokin Gungawa ne, mutanen tsibiran kogin Kwara. Sun haddace cewa Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin Kwara, ya bi ta Yauri a 1806 ya halaka a Bussa, don yana cikin littafi. Da na tambaye su sunan tsibirin da aka binne cibiyar kakanninsu, sai kallon juna. Ban ga laifinsu ba. Mutumin Bin Yauri, tsohon birnin Yauri, yana iya kama hannun ɗansa ya nuna masa ganuwa. Mu kuwa, tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibiranmu, ya haɗa da tsohuwar Bussa, aka tayar da mutane sama da 40,000. Ko kufai ba a bar mana ba.

Sai na ari rikoda, na sayi kaset da batir, na fara da kakata. Ta daɗe tana kallon abin.

"Angona, in na mutu maganar tana nan ciki?"

"Tana nan, Kaka, in Allah ya yarda."

Ta fara da Hausa, can sai harshe ya koma Gunganci ba ta ma sani ba. Ta bi garin gida-gida, daga inda ake ɗaure jirage har gonakin albasa da suke ban ruwa da ƙwarya, tana kiran mai kowane gida da sunan ubansa. Ni kuma ina zanawa a bayan kwali. Gidajen siminti da gwamnati ta gina musu, ta ce zafi ya sa sun daɗe suna kwana waje. Da ta iso kan kabarin mahaifinta ta yi shiru, ta ja gyale ta rufe fuska. Ban kashe rikodar ba.

Kwalin nan na kai wa wasu tsofaffin masunta uku. Suka yi ta gardama a kan inda masallaci yake, kowa na rantsuwa. Duka na rubuta, da sunan wanda ya faɗa, don ba ni da hurumin zaɓa musu.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda damina ta kusa cinye mini kaset-kaset ɗin, da ɗalibin da ya mayar da su cikin kwamfuta.