Godiya ga duk wanda ya zo taron tunawa da Baba manajanmu

Salamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Tun ranar Lahadi na so in rubuta wannan amma gajiya ba ta bar ni ba, to yau dai ga shi. A madadina da kulob ɗinmu na wasan bols na gajeren kafet, ina godiya ga duk wanda ya zo ranar Asabar wajen taron tunawa da Baba, shugaban kulob ɗinmu kuma manajan tim ɗin gundumarmu da ya rasu, da ma waɗanda ba su samu zuwa ba amma suka kira ko suka turo saƙo. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci.

Na san da yawa cikin mutanenmu ranar ne suka fara ganin wasan nan da idonsu duk daɗewarsu a Ingila, har wani ɗan uwa yake tambayata wai me ya sa ƙwallon ba ta tafiya a miƙe. Ai haka aka ƙera ta, gefe ɗaya ba daidai yake da ɗayan ba, shi ya sa take lanƙwasa idan ta fara rage gudu. Kafet ɗin tsawonsa ƙafa 40 zuwa 45 ne, faɗinsa ƙafa 6, ana ajiye 'yar ƙaramar ƙwallo da ake kira jak a can ƙarshe kowa ya gangaro tasa a ga wa ya fi kusa da ita, sannan a tsakiya ga wani katako mai tsawon inci 15 wanda in ƙwallonka ta taɓa shi shi kenan ta mutu sai a ɗauke ta. Dole ka zagaye shi, ƙarfi ba ya yi maka komai a nan. Baba ya fara wannan wasa ne ba da daɗewa ba bayan an kafa ƙungiyar wasan ta Ingila a 1984, kuma bai bari ba sai da jiki ya ƙi.

Amma gaskiya ba iya wasansa ne ya cika hol ɗin nan ranar Asabar ba, akwai waɗanda suka fi shi hannu kuma shi da kansa yake zaɓo su ya sa su a gaba. Abin da ya tara mu ɗawainiya ce. Hol ɗin ba namu ba ne, haya muke yi na 'yan awoyi, da safe yara ƙanana ne a ciki wata rana masu motsa jiki, saboda haka duk ranar wasa sai an fito da kafet an shimfiɗa an jera katakan da ke tare ƙarshen kafet ɗin, in an gama a naɗe a mayar sito, kuma kafet ɗin nan nauyi gare shi ba na wasa ba. Makulli yana hannun Baba, shi ne farkon zuwa ya kunna hita tun kafin tsofaffi su iso, shi ne ƙarshen fita. Kakar wasan kuma lokacin sanyi ce, daga wajen Satumba har Afrilu, a Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, ga ruwa ga iska, amma zai ɗauki motarsa ya bi gida gida ya kwaso waɗanda ba sa iya tuƙi da dare ya kai su wasa wani ƙauye ya dawo da su, ko kuɗin mai ba ya karɓa.

Aikin manaja kuwa wanda bai gani ba ba zai gane ba. Tim na mutum huɗu sai ka san wa zai fara jefawa, wa zai biyo, wa zai tsaya kyaftin yana nuna hanya daga ɗaya gefen, kuma sai ka san su wa jininsu ya haɗu don akwai gwanaye biyu da in ka haɗa su wasan ya lalace. Mafi wuya shi ne ka ce wa mutumin da ya daɗe yana buga wa gunduma wannan karon babu sunansa. Baba ba ya bari mutum ya gani a takarda a jikin bango, shi zai kira ka da kansa ya faɗa maka dalili, in za ka yi fushi ka yi da shi. Wasu sun yi fushin kuwa, kuma na gan su ranar Asabar a sahun gaba. Yana da wani ɗan littafi da yake rubuta yanayin daɓen kowane hol, inda ya karkata da inda ƙwallo ke gudu, tun muna mota zai fara gaya mana abin da za mu tarar.

Da aka rufe ko'ina a watan Maris na 2020 saboda korona, membobinmu da yawa tsofaffi ne masu zaman kaɗaici, Baba ya riƙa bin su da waya ɗaya bayan ɗaya yana jin lafiyarsu. Da aka buɗe wasu ba su dawo ba, wasu sun rasu wasu tsoro ya hana su, a ganina in ba don nacinsa ba da kulob ɗin nan ya watse a lokacin.

Ni kuma abin da ya yi min ba zan manta ba. Na zo ban san kowa ba ban san komai a wasan ba, ya ba ni aron ƙwallayensa har na sayi nawa. Da ya lura ina fita waje lokacin magariba sai ya share min wuri a ɗan ɗakin da ake ajiye kujeru in riƙa salla, da azumi kuma in lokaci ya yi daidai sai ya ja hutun shayi ya kai shan ruwa, bai taɓa mayar da abin wani labari ba. Wallahi ina kewarsa.

Godiya ta musamman ga Mama matar Baba da 'ya'ya da jikoki da suka amince aka yi taron suka kuma zauna har ƙarshe duk da halin da suke ciki, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Jikarsa da ta gangaro ƙwallon farko da ƙwallon kakanta, mun gode 'yata. Kulob kulob na maƙwabta da suka turo tim, da alƙalin wasa da ya wuni a durƙushe da tef ɗin awo bai karɓi ko sisi ba, da kwamitin hol da suka yafe mana kuɗin haya na ranar, duk mun gode. Iyayenmu mata da ƙannenmu da suka tashi tun asuba suka yi masa da dambun nama da zoɓo, ba ni da bakin gode muku, Turawan nan har yanzu tambayata suke yaushe za a sake kawo masa. Samarinmu da suka ɗauki kafet suka share hol, Allah ya yi muku albarka. Gudummawar da aka tara kuma za a miƙa ta ga gidan jinyar da ya kula da shi a kwanakinsa na ƙarshe kamar yadda Mama ta buƙata.

Masu cewa wasan tsofaffi ne ku zo ku gwada tukuna, Baba ya sha haɗa yaro ɗan makaranta da kakansa a tim ɗaya. Muna nan duk Talata da yamma, akwai ƙwallayen aro, takalmi mai shafaffen ƙasa kawai za ka zo da shi saboda kafet. Muna kuma neman mutum biyu masu mota da za su karɓi ɗauko tsofaffi ranar da za mu je wasa wani gari, wanda zai iya dan Allah ya yi min magana. Kuloli da robobin abinci da aka bari suna wajena, an wanke su, masu su su zo su karɓa.