Darussan da saita harshe da kibod a laftof ke koyarwa

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake cewa kibod ɗinsu ya lalace, lafiyarsu ƙalau. Harafin da ke jikin maɓalli fenti ne kawai. Idan ka danna maɓalli, lambar matsayinsa yake aika wa kwamfuta, sannan Windows ya duba tsarin da aka zaɓa ya yanke harafin da zai fito. Shi ya sa maɓalli ɗaya zai ba da Q yau, gobe ya ba da A, ba tare da an taɓa ko kusa ɗaya a jikin na'urar ba.

Wanda ya gane wannan zai gane darasi na biyu da wuri: abin da mutane ke kira "harshen kwamfuta" saiti ne har huɗu, kowanne da wurinsa. Akwai harshen da Windows ke nuna menu da saƙonni da shi. Akwai tsarin kibod. Akwai tsarin yanki, wanda ke kula da kwanan wata da lambobi. Akwai kuma harshen duba rubutu na cikin Word. Mutum zai canza na farko ya yi ta mamakin yadda kibod bai gyaru ba, alhali babu ruwan wannan da wancan.

Kafin a buɗe wani saiti, a buɗe Notepad a danna maɓallai kaɗan, alamar za ta nuna ciwon. Idan Shift da 2 sun ba da alamar zance maimakon @, kuma Shift da 3 sun ba da £ maimakon #, tsarin Ingila ne ke aiki a kan kibod ɗin Amurka. Idan A da Q sun yi musaya, Z da W ma haka, kuma lambobin layin sama ba sa fitowa sai an riƙe Shift, AZERTY ne na Faransa. Idan Y da Z kaɗai suka juya, na Jamus ne. Idan kuwa U, I, O suna ba da 4, 5, 6, J, K, L suna ba da 1, 2, 3, to maganar harshe ba ta taso ba: Num Lock ne ya kunnu a laftof marar ɓangaren lambobi, a danna Fn tare da NumLk ya koma. Akwai kuma wanda ya fi ɗaure kai, inda za ka danna alamar zance ka ga shiru, sai ka danna wani maɓalli sannan ta fito, ko ta hau kan wasalin da ya biyo baya. Wannan halin tsarin United States-International ne, an yi shi don masu rubuta wasula masu alama a ka. Wanda ba ya bukatarsa ya koma US zalla.

Jikin kibod ma yana faɗin asalinsa. Na Amurka maɓallin Enter ɗinsa kwance yake a layi ɗaya, Shift na hagu dogo ne. Na Turai Enter ɗinsa ya ci layi biyu, Shift na hagu gajere ne, da ƙarin maɓalli a gefensa. Wannan dubawar ta daƙiƙa biyu tana rage lalube sosai.

Gyaran kansa ba wuya. A Windows 11, a danna maɓallin Windows da I, a shiga Time & language, sannan Language & region. A gefen harshen akwai ɗigo uku, a zaɓi Language options, a gangaro zuwa Keyboards, a ƙara wanda ake so, sannan a cire wanda ba a so. A Windows 10 hanyar kusan ɗaya ce, sai dai ana danna sunan harshen sannan Options. Cirewar nan ita ake yawan mantawa, kuma ita ce rabin aikin. Muddin tsari biyu na nan, Windows da Space na sauya su, Alt na hagu da Shift ma haka, Ctrl da Shift kuma na sauya tsari a cikin harshe ɗaya. Mai saurin rubutu zai taɓa su ba da saninsa ba, ya dawo yana cewa matsalar ta dawo da kanta. Wanda dole sai ya riƙe tsari biyu, ya shiga Typing, sannan Advanced keyboard settings, ya buɗe Input language hot keys ya kashe haɗin Alt da Shift da na Ctrl da Shift, ya bar Windows da Space kaɗai. A shafin nan ne kuma ake zaɓar tsarin da kwamfuta za ta riƙa tashi da shi. Wani lokaci tsari yakan bayyana kusa da agogo amma ba a ganinsa a cikin saiti balle a cire shi. Dabarar ita ce a ƙara shi da hannu, sannan a cire shi.

Inda abin ya fi cizo shi ne kalmar sirri, don ba ka ganin abin da kake rubutawa. An kafa kalma mai @ a ƙarƙashin tsarin Amurka, shafin shiga kuma yana kan na Ingila, sai kwamfuta ta yi ta cewa ba daidai ba ne, mai ita yana rantsuwa daidai ya rubuta, kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa. A shafin shiga, a duba kusurwar dama ta ƙasa, alamar tsarin kibod na nan idan sun fi ɗaya, a kuma danna hoton ido a cikin akwatin kalmar a ga haruffan. Shafin shiga yana da saitinsa daban, ba ya bin na asusunka kai tsaye. Don daidaita su, a danna Windows da R, a rubuta intl.cpl, a shiga Administrative, a danna Copy settings, a sa alama a akwatin Welcome screen and system accounts. Matakin da ke zuwa kafin Windows ya tashi kuwa, kamar kalmar sirrin BIOS (saitin asali na na'urar) ko ta BitLocker (makullin ma'ajiyar bayanai), tsarin Amurka yake ɗauka galibi, don haka gara a kafa irin waɗannan da haruffa da lambobin da matsayinsu ba ya canzawa. A ra'ayina, ƙa'idar da ta fi kowacce ita ce a gyara kibod tukuna, a gwada shi a Notepad, sannan a kafa ko a canza kalmar sirri.

Canza harshen menu yana bukatar intanet don sauke kunshin harshen, kuma ba zai kama ba sai an fita daga asusu an sake shiga. Idan an yi komai amma zaɓin ya ƙi, a duba bugun Windows ɗin a System, About. Bugun Home Single Language harshe ɗaya aka ƙulle shi a kai; zai karɓi kibod na kowane harshe, amma menu ba zai canza ba sai an ɗaga bugun. Idan laftof ya zo da harshen da ba ka iya karantawa, kada ka yi ta danne-danne: Windows da R, ka rubuta ms-settings:regionlanguage, zai kai ka shafin kai tsaye. Idan Larabci ne, komai ya juya dama zuwa hagu, abin da ka saba gani a hagu ka neme shi a dama.

Tsarin yanki shi ne ke ɓarna a ɓoye. Aka sa shi a Faransa, Excel zai ɗauki waƙafi a matsayin alamar ɓangaren lamba, ya kuma nemi waƙafi mai ɗigo tsakanin sassan lissafi, sai lissafin da aka kwafo daga wani wuri ya ƙi aiki, fayil ɗin CSV (teburin da waƙafi ke raba bayanansa) ya cunkushe a ginshiƙi ɗaya. Kwanan wata ma haka: 03/04 a tsarin Amurka 4 ga Maris ne, a na Ingila 3 ga Afrilu.

Ga mai rubuta Hausa, Windows na da kibod ɗin Hausa nasa. Ana ƙara shi kamar kowane, haruffa na nan a matsayinsu na QWERTY, sai a riƙe Alt na dama a danna b, d, k ko y a samu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, a haɗa da Shift don manya. A kwamfutar da ba a yarda a taɓa saitinta ba, Word na da wata hanya: a rubuta 0253 a danna Alt da X a samu ɓ, 0257 na ɗ, 0199 na ƙ. Amma a kula, idan harafin da ya zo kafin lambar yana tsakanin a da f, Word zai haɗa shi cikin lissafin ya fitar da wani abu dabam, kamar a kalmar "baƙi". Sai a zaɓi lambobin huɗu kaɗai kafin a danna. Idan harafin ya fito a matsayin ɗan akwati, salon rubutun (font) ne ba shi da shi, a canza salo, kibod bai yi laifi ba. Jan layin da ke ƙarƙashin kalmomi kuma aikin Review, Language ne a cikin Word.

A Mac, kibod yana System Settings, Keyboard, Text Input, ana sauyawa da Control da Space; harshen menu yana General, Language & Region. Chromebook ma Ctrl da Space ne.

Sai bayan duk wannan ake zargin kibod ɗin kansa. A buɗe kibod na kan allo da Windows, Ctrl da O, ko a jona na USB. Idan shi ma ya ba da harafin da ba daidai ba, saiti ne. Idan ya rubuta daidai, na jikin laftof kuma wasu maɓallai sun yi shiru gaba ɗaya, sai a tabbatar ba Filter Keys ba ne, wanda riƙe Shift na dama na daƙiƙa 8 ke kunnawa. In ba shi ba ne, lokacin kwance laftof a duba igiyar kibod ya yi.